Sabon Injin a Tsohuwar Mota: Ilmin da ke Bayan Dashen Injin da Giyar Zarce

Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Wurno da Raba da Goronyo, a gabashin Jihar Sakkwato, ƙasar noman fadama ce. Gulbin Rima ya ratsa Goronyo da Wurno, Gulbin Sakkwato ya bi ta Raba, sa'an nan madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala gininta a 1984, tana iya riƙe ruwa fiye da mita kubik miliyan 900 domin noman rani. Shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkamar da ake nomawa a wannan yanki ba su zama kuɗi a hannun manomi sai sun isa kasuwar Acida ko ta Goronyo ko birnin Sakkwato. Tsakanin gona da kasuwa kuwa akwai jaki da raƙumi da babur, akwai kuma tsofaffin motoci, musamman a-kori-kura, waɗanda wasunsu sun girmi direbobin da ke tuƙa su.

Irin waɗannan motoci sau da yawa ƙarfen jikinsu na nan da sauran ƙwari, amma injin ya gaji: yana hayaƙi, yana shan baƙin mai, yana zuƙar fetur. Sabuwar mota ta fi ƙarfin aljihun mai ita. Bugu da ƙari, tun da Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Saboda haka shawarar da akan ba mai tsohuwar mota a gareji ita ce ya sauke tsohon injin, ya ɗora wani wanda ya fi shi ƙuruciya, tare da giyabos mai lamba biyar. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ke faruwa idan aka yi haka, da inda ribar take, da kuma inda gyaran kan koma gyaran gangar Auzinawa.

Asalin motocin

Babu motar da ta fi Fijo 504 dacewa da zama misali a nan. An fara ƙera ta a Faransa a 1968 da injin mai cin santimita kubik 1,796, daga 1970 aka ƙara mai 1,971. Ta yi suna wajen juriya, har ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Fijo a Kaduna, inda aka ci gaba da fitar da 504 fiye da shekara ashirin bayan da aka daina ƙera ta a Faransa a 1983. Wannan ne ya sa kayan gyaranta suka wadata, makanikai kuma suka san cikinta kamar yunwar cikinsu.

Sauya wa tsohuwar mota injin ba al'adar Nijeriya kaɗai ba ce. A ƙasar Kyuba, takunkumin cinikin da Amurka ta sa tun farkon shekarun 1960 ya hana shigar da kayan gyara, don haka motocin Amurka na shekarun 1950 da yawa da ke haya a birnin Habana injunan gas na wasu kamfanoni ne a cikinsu. A Turai da Amurka masu sha'awa kan yi haka domin nishaɗi. A gabashin Sakkwato kuwa neman abinci ne. Injunan da ake ɗorawa galibi tsofaffi ne da aka ciro daga motocin ƙasashen waje, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, kuma akan same su a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna da Ladipo a Legas. Ke nan kalmar "sabo" a nan tana nufin wanda ya fi na da sabuntar fasaha da ƙarancin lalacewa.

Abin da sabon injin ya fi tsoho

Injin fetur, tsoho da sabo, duk bisa tsari ɗaya suke aiki, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a 1876. Fistin yakan sauka ya zuƙo iska da fetur cikin silinda, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tunkuɗa fistin ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Karanshaf shi ke mai da wannan hawa da sauka ya zama juyi. Daga cikin ƙarfin da ke cikin fetur, kimanin kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku ne kawai ke zama aiki. Sauran yakan fita a matsayin zafi, wani ta salansa, wani ta lagireto.

Domin fetur ya ƙone sarai, kowane giram ɗaya nasa yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska. A tsohon injin kafireto ke yin wannan haɗi, kuma awonsa na ƙiyasi ne, yakan ƙara karkacewa idan ya tsufa. A sabon injin kuwa nozul-nozul ke fesa man, wata 'yar kwamfuta, wadda makanikai ke kira birenbos, tana auna yawan iskar da ke shiga, da zafin injin, da sauran iskar oksijin da ke cikin hayaƙi, tana gyara awon sau da yawa a kowace daƙiƙa. Wannan ya yi kama da yadda ƙwaƙwalwar mutum ke lura da sinadaran jini tana ƙara saurin numfashi ko rage shi ba tare da mutum ya sani ba. Ga wannan sa-ido, ga kuma fistin da zobbansa da ba su cinye ba, shi ya sa sabon injin ke ba da ƙarfi mai yawa da mai kaɗan.

Sai dai akwai abin lura. Wasu makanikai, saboda rashin na'urar binciken birenbos, sukan cire nozul da wayoyinsa su mai da sabon injin kan kafireto. Mota za ta tashi, za ta yi tafiya, amma babban dalilin sayen injin ya tafi.

Me ya sa mota ke bukatar giya?

Abu biyu ake aunawa ga injin. Na farko shi ne ƙarfin murɗa, watau irin ƙarfin da ake sa wa sifana wajen kwance notin taya. Duk wanda ya ga bakanike ya zura wa sifana dogon bututu don noti ya ƙi kwantuwa, ya ga yadda ake ninka ƙarfin murɗa: hannu ya yi tafiya mai tsawo, noti ya juya kaɗan, amma da ƙarfin gaske. Na biyu shi ne saurin juyi, watau sau nawa karanshaf ke juyawa a minti ɗaya. Idan aka ninka waɗannan biyu da juna, sai a sami abin da ake kira ƙarfin doki. Doki ɗaya a wannan awo daidai yake da wat 746.

Injin yana juyi da sauri ƙwarai, amma ƙarfin murɗarsa bai isa ya motsa mota mai kaya daga tsaye ba. Giya ita ce dogon bututun sifana. Idan ƙaramin faifai mai haƙora 10 yana juya babba mai haƙora 30, sai ƙaramin ya juya sau uku kafin babban ya juya sau ɗaya, amma ƙarfin murɗa ya ninku uku. Giya ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Musanya take yi: a ba da sauri a karɓi ƙarfin murɗa, ko a ba da ƙarfin murɗa a karɓi sauri.

A motar da tayoyin baya ke turawa, kamar 504, sau biyu ake wannan musanya. Juyi yakan fito daga injin ya bi ta kuloci ya shiga giyabos, daga nan farfela ta kai shi aksul na baya, inda wasu haƙoran ke sake rage shi kimanin sau huɗu. A lamba ɗaya giyabos kan rage juyi kimanin sau uku da rabi. Idan aka haɗa da na aksul, injin zai juya wajen sau 14 kafin taya ta juya sau ɗaya, ƙarfin murɗa kuma ya ninku kusan haka. Wannan ne ke fitar da a-kori-kura daga yashi da buhunan albasa a bayanta. A lamba huɗu, wadda ita ce ta ƙarshe a tsohon giyabos, babu ragi: juyi ɗaya na injin, juyi ɗaya na farfela.

Giyar zarce

Giyar zarce ita ce wadda a cikinta farfela ke zarce injin saurin juyi. A yawancin giyabos mai lamba biyar, lamba ta biyar ɗin ce, kuma awonta yakan kasance wajen 0.8, ma'ana injin ya juya sau 8, farfela ta juya sau 10. A motoci masu sauya giya da kansu, ita ce ake kunnawa ko a kashe da maɓallin da aka rubuta wa O/D. Da farko akwati ne daban da ake ɗaurawa a bayan giyabos. Kamfanin Borg-Warner ya fito da irinsa a Amurka a shekarun 1930, a Ingila kuma aka yi na Laycock daga 1948. Bayan tashin farashin mai na duniya a 1973, sai kamfanoni suka riƙa gina ta a cikin giyabos ɗin kansa, har lamba biyar ta zama ruwan dare.

Ɗan lissafi zai nuna amfaninta. A ɗauka kewayen taya mita 2 ne, awon aksul kuma 4, mota tana gudun kilomita 90 a awa. Kilomita 90 a awa daidai yake da mita 1,500 a minti, watau taya na juyawa sau 750. Farfela ke nan tana juyi 3,000. A lamba huɗu injin ma juyi 3,000 zai yi a minti. A giyar zarce mai awo 0.8 kuwa zai yi 2,400. An rage juyi 600 a kowane minti, watau 36,000 a tafiyar awa ɗaya, alhali gudun mota bai ragu ba.

Ta hanya biyu wannan ke rage shan mai. Ta farko, kowane juyi yana tare da gogayyar ƙarfe da ƙarfe, gogayyar kuma ƙaruwa take yi da saurin juyi. Ta biyu, injin fetur da ke gudu da sauri alhali an ɗan taɓa totur kaɗan, kamar mutum ne da ke numfashi ta siririyar tsinkiya: yana ɓata ƙarfi wajen zuƙo iska ta ƙuntatacciyar ƙofa. Idan juyi ya ragu, ƙofar iskar takan ƙara buɗewa, wannan asara ta ragu. Ƙari a kan haka, ƙara takan ragu, sassan injin kuma su daɗe. Masu nazarin halittu sun san irin wannan a tafiyar dabbobi. Raƙumi da jaki suna iya jerawa a hanya ɗaya, amma raƙumi da dogayen ƙafafunsa taku kaɗan yake yi inda jaki ke yin da yawa. Giyar zarce dogon taku ce.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa tun da juyi ya ragu da kashi ɗaya bisa biyar, shan mai ma zai ragu haka. Aikin keta iska da mirgina tayoyi yana nan yadda yake, dole injin ya biya shi. Abin da aka rage shi ne ɓarnar da ke cikin injin kansa. Kuma idan direba ya ga injin ya yi shiru ya ƙara gudu, ribar ta gudu, domin turjiyar iska takan ninku huɗu idan gudu ya ninku biyu, ƙarfin da ake bukata don keta ta kuma ya ninku takwas. Kayan da aka tula sama da kan mota suna ƙara faɗin da iska ke bugu.

Inda giyar zarce ba ta da amfani

Abin da aka samu na sauri, an biya shi da ƙarfin murɗa. A giyar zarce ƙarfin da ke isa taya ya gaza na lamba huɗu da kashi ɗaya bisa biyar. A koma ga lissafin da ya gabata, amma a ce motar ta yi lodin buhuna tana tafiyar kilomita 45 a awa. Taya na juyi 375 a minti, farfela 1,500, injin a giyar zarce 1,200 kacal, wanda bai fi saurinsa na lokacin da mota ke tsaye da yawa ba. A wannan hali injin ba shi da ƙarfin kirki. Direba zai danne totur, mota ta riƙa kakkarwa, a ji ƙwanƙwasa a cikin silinda, nauyi kuma ya faɗa kan karanshaf da mazauninsa a lokacin da famfon baƙin mai ke juyi a hankali. Injin da ake yi wa haka kullum ba ya daɗewa.

Saboda haka tambayar da ta kamaci mai mota ita ce: wane aiki motar ke yi? Wadda ke jigilar fasinja a kan kwalta tsakanin Sakkwato da Acida da Wurno har Goronyo, tana samun dogon zango na gudu daidai wa daida, za ta amfana da lamba biyar. Wadda kwanakinta ke ƙarewa a hanyoyin fadama, cikin yashi da rani da taɓo da damina, tana hawa daga kwari zuwa tudu da kaya, da wuya ta shiga lamba biyar ko sau ɗaya a wuni. Abin da take bukata shi ne ƙarfin murɗa a ƙaramin juyi, da ƙaƙƙarfan kuloci, da lamba ɗaya mai ragi sosai.

A nan ne injin gas ke da fifiko. Yana matse iska kusan ninki biyu na yadda injin fetur ke yi, ba ya bukatar fulogi, yana ba da ƙarfin murɗa tun daga ƙaramin juyi, kuma yana tafiya mai nisa da lita ɗaya. Amma ya fi nauyi, ya fi girgiza, kuma iyakar saurin juyinsa ta gaza ta injin fetur. Idan aka haɗa shi da tsohon giyabos mai lamba huɗu, zai riƙa kururuwa a kan kwalta tun mota ba ta yi wani gudu ba. Shi ya sa injin gas ya fi na fetur bukatar giyar zarce.

Dashe da ƙin karɓa

A likitance, dashen ƙoda na farko da ya ɗore shi ne wanda Dokta Joseph Murray ya jagoranta a birnin Boston na Amurka a 1954, kuma sirrin nasararsa shi ne tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, jikin mai karɓa bai ɗauki ƙodar a matsayin baƙuwa ba. A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara irin wannan aiki a 2002. Darasin da likitoci suka koya shi ne lafiyar ƙoda ita kaɗai ba ta isa ba, sai ta dace da jikin da aka kai ta. Manomin da ke yi wa mangwaro aure shi ma ya san reshe ba ya kamawa sai a jikin danginsa. Mota ba ta da garkuwar jiki, amma tana da nata hanyoyin ƙin baƙon injin. Dashen da ya fi sauƙi shi ne na 'yan gida ɗaya, kamar ɗora wa 504 injin ko giyabos mai lamba biyar na ƙanwarta 505, wadda ta fito a 1979. Gwargwadon nisan dangantaka, gwargwadon yawan abubuwan da sai an daidaita. Ga muhimmansu.

Na farko, mazauni. Yawancin ƙananan motocin zamani tayoyin gaba ke jansu, injinsu kuma a gicciye yake, don haka bai dace da motar da baya ke turawa ba. Injin 504 a kishingiɗe yake, ya karkata digiri 45, shi ya sa bonet ɗinta ya yi ƙasa. Injin da ke tsaye sosai yana iya ƙin shiga. Dole a ƙera sababbin ƙafafun zama, a sa musu roba mai shanye girgiza, a kuma tabbatar injin da giyabos da farfela suna kan layi ɗaya. Farfelar da aka yanke aka yi wa walda ba tare da daidaita nauyinta ba takan kaɗa, kuma tana juyi dubu uku a minti a ƙarƙashin ƙafafun fasinja. Haka kuma agogon gudu yakan yi ƙarya bayan an sauya giyabos, sai an gwada shi.

Na biyu, sanyaya. Kamar yadda jikin mutum ke tsayawa a digiri 37 na ma'aunin Salshiyas ta hanyar gumi da zagayawar jini, haka injin ke son zama wajen digiri 85 zuwa 100. Injin da ya fi ƙarfi ya fi fitar da zafi, a ƙasar da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40. Tsohon lagireto, wanda ruwan rijiya ya toshe wa bututai da gishiri da tsatsa, ba zai iya ba. Ana bukatar babba mai tsabta, da fanka mai ƙarfi, da murfi mai riƙe matsi, domin matsi ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Akwai kuma al'adar cire tamostat, watau ƙofar da ke tsare ruwa har injin ya ɗumama. A injin mai birenbos wannan kuskure ne: kwamfutar za ta ga injin bai kai zafinsa ba, ta ci gaba da ƙara masa mai kamar yanzu aka tayar da shi da asubar hunturu.

Na uku, mai da lantarki. Kafireto da ɗan matsi kaɗan yake karɓar fetur, nozul kuwa yana bukatar kusan ninki goma na wannan. Tsohon tiyo da aka ɗaure da waya yana iya fashewa ya fesa fetur kan salansa mai zafi, gobara ta tashi. Ramukan nozul ƙanana ne ƙwarai, tsatsar tsohon tanki ko dattin man bumburutu na toshe su, don haka sai an wanke tanki an sa matata mai kyau. Ƙurar hunturu kuma tana cinye silinda idan matatar iska ba ta rufe da kyau ba. Wayoyin birenbos suna son fis da haɗi mai kyau, nesa da ruwa da zafi.

Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, birki da sifirin da tayoyi. Ƙarfin da ke cikin mota mai tafiya shi ne rabin nauyinta a ninka da gudunta sau biyu. Idan kaya suka ninka nauyi, aikin birki ya ninku biyu. Idan gudu ya tashi daga kilomita 60 zuwa 90, aikin ya ninku biyu da kwata. Daga 60 zuwa 120 ya ninku huɗu. Duk wannan ƙarfi birki ke mai da shi zafi, kuma birkin da ya yi zafi fiye da kima yakan daina kamawa. Tsohon injin da ya gaji, duk da aibinsa, yana hana mota gudun da birkinta ba zai iya tsayarwa ba. Sabon injin ya cire wannan takunkumi. Bugu da ƙari, a giyar zarce injin ba ya riƙe mota sosai a gangara, shi ya sa ake son direba ya sauko lamba uku ko biyu kafin ya fara gangarawa da kaya. A hanyar da shanu da raƙuma da yara ke tsallakawa, ɗora ƙaƙƙarfan injin ba tare da sabunta birki ba ganganci ne da rayukan mutane.

Hayaƙi da numfashi

Sauya injin yana tilasta sake ƙera salansa, kuma haɗin da bai toshe da kyau ba yakan bar hayaƙi ya shiga cikin mota. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Sinadarin himogulobin, wanda ke ɗaukar oksijin a cikin jini, yana kama wannan iska fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 ko fiye. Alamunta su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da gyangyaɗi, waɗanda direba zai iya ɗauka gajiya ce kawai. Wajibi ne bakin salansa ya fita har bayan mota ko gefenta, a kuma toshe duk ramin da aka huda a jikin mota lokacin aikin.

Takardu da lissafin kuɗi

Lambar injin tana cikin takardun mota. Wanda ya sauya injin ya kamata ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon, ya kuma kai wa ofishin lasisin motoci a gyara takardun, domin kare kansa daga zargin sayen kayan sata. Sabon injin bai sauya dokar gudu ba: ƙa'idar hanya ta Nijeriya, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya da aka kafa a 1988 ke sa ido a kanta, ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari da 80 a babbar hanya.

Wajen lissafin kuɗi, farashin injin kashi ɗaya ne kawai. Sai an haɗa da lagireto da kuloci da farfela da birki da ladan aiki, sa'an nan a kwatanta jimillar da kuɗin yi wa tsohon injin garambawul. Akwai kuma tambayar ko bakaniken Wurno ko na Raba zai iya gyara sabon injin, ko kuwa duk ƙaramar matsala sai an ja mota zuwa Sakkwato. Tun daga 2018 matsalar 'yan bindiga ta addabi sassan gabashin jihar, don haka motar da ke mutuwa a daji da yamma hatsarinta ya wuce asarar kuɗi. Injin da ake samun kayansa da masaninsa a kusa ya fi wanda ya fi shi ƙarfi amma baƙo ne.

Aiki ga ɗalibai da malamai

Ana iya ganin duk wannan ilmi a jikin keke. A kife keke, a ƙirga haƙoran babban faifai na feda da na ƙaramin da ke tayar baya, a raba na farko da na biyu. Idan 44 ne da 22, amsa 2 ce: juyi ɗaya na feda, juyi biyu na taya. A sa alamar alli a taya a juya feda a tabbatar. Ke nan keke a kan giyar zarce yake, shi ya sa yake da daɗi a shimfiɗaɗɗiyar hanya, yake kuma tilasta wa mahayi sauka a yashi ko a tudu.

Sa'an nan a gwada wannan lissafi: mota mai kewayen taya mita 2 da awon aksul 4.5 tana gudun kilomita 60 a awa. Juyi nawa injin ke yi a lamba huɗu, nawa kuma a giyar zarce mai awo 0.8? Wanda ya bi matakan da aka nuna a baya zai sami 2,250 da 1,800.

Kammalawa

Ɗora sabon injin da giyar zarce a tsohuwar mota dabara ce mai tushe a kimiyya. Tana iya rage shan mai, ta ƙara wa mota shekaru, ta kuma riƙe sana'ar direba da hanyar manomi zuwa kasuwa. Sharaɗin shi ne a ɗauki mota yadda ake ɗaukar jiki, wanda kowace gaɓa tasa an auna ta ne da sauran. A fara da sanin aikin da motar za ta yi da hanyar da za ta bi, a zaɓi injin da giya gwargwadon haka, a kuma ware kuɗin lagireto da birki tun kafin a biya kuɗin injin. Ɗalibin da ya iya lissafin da ke cikin wannan maƙala yana da abin da zai taimaka wa mahaifinsa ko yayansa da shi ranar da za a yanke wannan shawara a gareji.